Ya ce satifiket ya ƙone a gobara: ta yaya zan gane ko gidan yana jingine a banki?

Tambaya: Barista, na sami gida a Kano da farashin da ya yi ƙasa da na maƙwabtansa. Mai gidan ya ce satifiket na asali ya ƙone a gobara, amma ya nuna mini kwafin da ma'aikatar ƙasa ta buga wa hatimi, da takardar rantsuwar kotu, da rahoton 'yan sanda. Dillali ya matsa in ba da kafin alƙalami kafin Juma'a, wai akwai wani mai so. Wani abokina ya ce mai yiwuwa gidan yana jingine a banki. In na je ma'aikatar ƙasa aka duba mini fayil aka ce babu komai, shi ke nan in biya?

Amsa: Malam, kada ka ba da ko sisi ranar Juma'ar nan. Ban ce mutumin ɓarawo ba ne. Gobara tana cin takardu, ruwan sama yana ci, gara ma tana ci, kuma na sha taimaka wa mutanen kirki su karɓi kwafin satifiket bayan asara ta gaskiya. Sai dai labarin da ya ba ka shi ne daidai labarin da wanda ya ajiye satifiket ɗinsa a banki zai bayar, kalma da kalma, kuma takardun nan uku da ya nuna maka babu wadda take tabbatar da an yi gobara. Rantsuwar kotu maganarsa ce da ya faɗa aka rubuta. Rahoton 'yan sanda maganarsa ce da ya kai aka shigar a littafi. Kwafin ma'aikata kuwa a kan waɗancan biyun aka dogara aka bayar. Bakin mutum ɗaya ne ya yi magana sau uku.

Game da tambayarka ta ƙarshe: a'a, "babu komai a fayil" bai isa ba. Dole ka je ma'aikatar, amma sai ka san abin da fayil yake iya gani da abin da ba ya gani.

Jinginar gida a banki iri biyu ce a aikace. Akwai cikakkiya, wadda aka bi duk matakanta. Tun daga dokar amfani da ƙasa ta 29 ga Maris 1978, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna a matsayin amana, abin da kake riƙe da shi haƙƙin zama ne, galibi na shekara 99 in gidan zama ne, kuma sashe na 22 ya ce ba za ka sayar ko ka jinginar ba sai da amincewar gwamna. Don haka banki yana rubuta yarjejeniyar jingina, a nemi amincewa, a biya kuɗin hatimi, a kai ta ma'aikatar ƙasa a yi mata rajista, a ba ta lamba da shafi da juzu'i. Wannan ba ta ɓuya. Duk wanda ya nemi bincike zai gan ta a layin farko na rahoto.

Ta biyun ita ce mai kawo rigima. Mutum ya miƙa wa banki satifiket na asali, ya sa hannu a takardu, banki ya zuba a ma'ajiyarsa ya ba shi kuɗi, ba a je ma'aikata ba. Doka ta san da wannan jinginar, kotu tana karɓarta, amma rajista ba ta san da ita ba. Me ya sa banki zai yarda? Saboda neman amincewar gwamna yana cin watanni, yana cin kuɗi, wanda zai ci bashin yana gaggawa, manajan reshe kuma yana son cika adadin da aka ɗora masa. Sai a ce "za a kammala daga baya", kuma wannan daga bayan sau da yawa ba ya zuwa sai bashi ya lalace. Abin da banki ya dogara da shi shi ne takardar tana hannunsa, yana ganin mai gida ba zai iya sayarwa ba tare da ita ba. Labarin gobara ko ɓatan jaka a tasha shi ne mabuɗin da ake buɗe wannan ƙofar da shi.

Malaman fiƙihu sun riga mu ganin wannan ramin. Ayar jingina a Suratul Baƙara ta ce jingina abar riƙewa a hannu, kuma a mazhabar Malikiyya in mai bin bashi bai karɓi abin jinginar ba har wanda ake bi ya mutu ko ya tsiyace, sai ya shiga sahun sauran masu bin bashi. Gida ba ya shiga aljihu, shi ya sa rajista ta zama madadin riƙo a hannu. Bankin da ya tsallake ta ya riƙe takarda ne kawai.

Za ka ce to in banki ya yi sakaci, ai laifinsa ne, ni na saya da zuciya ɗaya. A nan mutane da yawa suke faɗawa. Doka tana kare wanda ya saya da gaskiya, ya biya, ya sami cikakkiyar mallaka, bai san da haƙƙin wani ba. Amma alƙali zai tambaye ka: da ba ka ga satifiket na asali ba, me ka yi? Rashin takardar asali kansa alama ce da ya kamata ta sa mai hankali ya bincika, in ka kau da kai sai a ɗauke ka kamar wanda ya sani. Sannan kai ma, kafin ka sami amincewar gwamna ka yi rajistar cinikinka, haƙƙinka bai fi na bankin ƙarfi ba, kuma ya riga ka. Na ga mutum ya tare da iyalinsa, ya yi fenti, ya haƙa rijiyar burtsatse, shekara biyu sai ga sanarwar gwanjo manne a ƙofa.

Yanzu yadda ake karatun fayil. In ka biya kuɗin bincike a hukumar adana bayanan filaye, wato KANGIS a Kano, ko KADGIS a Kaduna, ko AGIS a Abuja, za a ba ka rahoto shafi ɗaya ko biyu: sunan mai haƙƙi, lambar fuloti, girmansa, ranar da aka bayar, da ko akwai wani nauyi a kansa. Wannan taƙaitawa ce da wani ma'aikaci ya yi. Ni ba na tsayawa nan. Ina neman a fito da fayil ɗin kansa in zauna a gaban ma'aikacin in bi shi shafi-shafi, don abin da nake nema yawanci ba ya shiga rahoto.

Duk wanda ya taɓa fayil yana barin sawu. Kafin banki ya ba da bashi, ko da ba zai yi rajista ba, kusan kullum yana tura lauyansa ya yi irin binciken da kake shirin yi, kuma wasiƙar neman binciken da rasidin kuɗinta suna zama a ciki. Akwai wani gida da na bincika wa wani ɗan kasuwa, shi ma mai shi ya ce gobara. Rahoto fes. Da na buɗe fayil, can wajen shafi na talatin da wani abu, sai ga wasiƙar wani ofishin lauyoyi tana cewa suna bincike a madadin wani banki. Bayanta da 'yan shafuka sai ga fom na neman amincewa a jinginar da gidan, an cike, an sa hannu, an lissafa kuɗin da za a biya, ba a biya ba, magana ta tsaya. Wata bakwai bayan haka sai rantsuwar ɓatan satifiket. Babu shafi ɗaya da aka rubuta "jingina" a kansa da jan biro, amma in ka jera ranakun ukun labarin ya gama faɗin kansa. Na rubuta wa bankin wasiƙa ta layi huɗu. Amsarsu ta zo cikin mako: satifiket yana hannunsu, lafiyarsa ƙalau, ko ƙaurin hayaƙi babu.

Ka lura da lambobin da ake rubutawa da hannu a kusurwar kowane shafi. In ka ga 41 sai 47, ka tambaya ina biyar ɗin tsakiya. Ka karanta takardun bayanin cikin gida da ma'aikata suke rubuta wa juna a gaban fayil, domin mai cire shafi yakan manta cewa wani darakta ya rubuta "duba wasiƙar banki a shafi na 43". Ka duba ko fayil ɗin na asali ne ko na wucin gadi da aka buɗe saboda wai na asalin ya ɓata. Satifiket ya ƙone a gida, fayil kuma ya ɓata a ofis, duka a kan fuloti ɗaya? Ruwa ba ya tsami banza.

In kuwa ka tarar an taɓa yin jingina mai rajista, mai gida ya ce ai ya biya tuntuni, ka nemi takardar saki. Jingina ba ta mutuwa don an gama biyan bashi, sai banki ya rubuta takardar sakin gidan an yi mata rajista ita ma. Wannan takardar tana cikin waɗanda aka fi yi wa jabu, musamman da sunan bankunan da suka rushe ko aka haɗe su. A 2005 bankuna 89 suka koma 25, wasu an narkar da su cikin wasu, wasu kadarorinsu suka koma hannun NDIC, hukumar inshorar kuɗin ajiya a bankuna, daga 2010 kuma hukumar AMCON ta gwamnatin tarayya ta sayi tarin basussukan da suka lalace tare da jinginarsu. Mai damfara yana son sunan bankin da babu shi, don yana zaton babu wanda za a tambaya. Akwai. Bashin yana da magaji, kuma shi za ka rubuta wa, ka kai wasiƙar da kanka hedikwata ko sashen shari'a, ba hannun wanda mai gida ya haɗa ka da shi ba.

Abin da ya fi kama maƙeran takardu a wurina shi ne kwanan wata. Mutum yana iya kwaikwayon hatimi da sa hannu, amma da wuya ya tuna yadda duniya take a shekarar da ya rubuta. An ƙirƙiri Jihar Katsina a 1987, Jigawa a 1991, Zamfara a 1996, saboda haka takardar da ke ɗauke da sunan ɗayansu kafin shekararta ta tona kanta. Naira ta fara aiki a Janairun 1973, cinikin 1970 da aka rubuta da naira ƙarya ne. Wayar salula ta GSM ta shigo a 2001, in ka ga takardar lauya ta 1997 da lamba mai farawa da 080 maimakon 064 na Kano, ka ajiye ta gefe. A 1983 kaɗai Kano ta ga Abubakar Rimi, da Abdu Dawakin Tofa, da Sabo Bakin Zuwo, kafin soja su karɓa a ranar ƙarshe ta shekarar, don haka wata da sunan da ke ƙasan takarda dole su dace. Sai kuma mafi muni, mamaci da ke sa hannu. Na taɓa riƙe yarjejeniyar jingina da wani dattijo ya sa wa hannu shekara huɗu bayan an yi masa sallah. Babban ɗansa ne ya ɗauki satifiket daga akwatin uwarsu, ya sami wani tsoho ya ɗauki hoto ya zauna a matsayin uban. Sauran magada ba su san komai ba sai da masu gwanjo suka zo auna gida.

Kada ka ɗauka wannan ciwon namu ne mu kaɗai. A Amurka, a watan Mayun 2024, saura kwana ɗaya a yi gwanjon Graceland, gidan mawaƙi Elvis Presley da ke Memphis, alƙali ya dakatar. Wani kamfanin bogi ya fito da takardu cewa 'yarsa Lisa Marie, wadda ta rasu a Janairun 2023, ta ci bashin dala miliyan 3.8 ta jinginar da gidan. Abubuwa uku suka rusa maganar: ba a taɓa yi wa takardar jinginar rajista a ofishin gundumar ba, jami'ar da aka ce ta shaida sa hannun ta rantse ba ta taɓa haɗuwa da Lisa Marie ba, sannan takardar mai kwanan watan 2018 tana ɗauke da lafazin shaidawa ta intanet wanda bai fara aiki a Jihar Florida ba sai 2020. Matar da ta kitsa abin ta amsa laifinta a 2025. Dabarar kamawa ɗaya ce da tamu: a duba rajista, a nemo shaida a tambaye shi, a gwada takarda da zamaninta.

Bayan fayil sai ƙasa. Wannan matakin mutane suka fi rainawa, kuma bankuna da kansu sun sha faɗawa ta nan. Takarda tana iya zama ta gaskiya ɗari bisa ɗari amma ta wani fuloti ce. A kai mai ƙiyasin banki wani katafaren gida a bakin titi, satifiket kuwa na wani kango ne a bayan layi. Ka ɗauki safiyo naka, wato mai awon ƙasa, ba na dillali ba, ya karanta lambobin duwatsun iyaka ya gwada da zanen da ke cikin satifiket da taswirar ma'aikata. Sannan ka koma unguwar kai kaɗai bayan la'asar. Ka gaida mai unguwa, ka zauna wajen mai shayi ko mai kanti na kusa. Yaushe aka yi gobara a gidan nan? Ɗaki nawa ta ci? Motar kashe gobara ta zo? Gobarar da ta cinye takardu a cikin durowa ba ta wucewa maƙwabta ba su sani ba, kuma hukumar kashe gobara tana rubuta kiran da ta amsa. In da 'yan haya, ka tambaye su wa suke ba kuɗi, kuma ko wasu masu kwat sun taɓa zuwa da tef suna ɗaukar hoto. Masu gadi da 'yan haya sun fi kowa sanin ranar da banki ya zo.

Akwai wasu wurare uku da fayil ɗin ƙasa ba ya kaiwa. In gidan da sunan kamfani yake, ko mai shi ya tsaya wa kamfaninsa, ka bincika a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, domin doka ta ba kamfani kwana 90 ya yi rajistar jinginar da ya ɗora wa kadararsa. Na biyu, kamfanonin da ke tattara tarihin bashi, irin su CRC da FirstCentral: kai ba za su ba ka bayanin wani ba, amma shi yana da ikon karɓar nasa. Ka ce ya karɓo ya nuna maka. Ba zai nuna maka lambar fuloti lallai ba, amma in ka ga bashi mai nauyi da bai ambata ba, ka san bankin da za ka rubuta wa. Na uku, rajistar babbar kotu da ta kotun shari'ar yankin, ko akwai ƙara ko rabon gado da ya shafi gidan. Gidan da ke gaban alƙali, duk wanda ya saya ya sayi hukuncin da zai fito.

Ka kuma san cewa satifiket ba ya wanke asali mara kyau. Kotun Ƙoli ta faɗi haka a shari'ar Ogunleye da Oni a 1990: wanda ba shi da haƙƙi tun farko, satifiket ba ya ƙirƙira masa shi. Kuma rashin bin mataki yana cin kowa, ba mai saye kaɗai ba. A shari'ar Savannah Bank da Ajilo a 1989, mutum ya jinginar da gidansa a Legas, da banki ya zo sayarwa sai ya ce ai ba a nemi amincewar gwamna ba, kotu kuma ta rushe jinginar duk da shi ne ya kamata ya nemo amincewar. Hukunce-hukuncen baya sun rage kaifin wannan, amma darasin da bankuna suka ɗauka shi ne su garzaya su kammala rajista da zarar sun ji ƙishin-ƙishin. Ma'ana, fayil ɗin da ka gani fes ranar Litinin yana iya ɗaukar jingina ranar Alhamis. Shi ya sa nake sake bincike a safiyar ranar biya.

Ba na son in bar ka da tunanin cewa na'ura ta magance komai. Tun da aka kafa AGIS zamanin da Nasir El-Rufai yake ministan Abuja aka sake tantance takardu, sauran jihohi suka bi, cire shafi da ɓatar da fayil sun yi wuya fiye da da, wannan gaskiya ne. Amma kwamfuta abin da aka zuba mata take riƙewa, kuma jinginar da ke kwance a durowar banki ba ta shiga ba. Filayen awon igiya kuwa, waɗanda takardarsu ita ce ta mai unguwa da shaidu, ba su da fayil ma balle a duba. A can mutum ɗaya yana iya jinginar da fili wa mutum uku da kwafi uku, kuma abin da zai cece ka shi ne tambayar mutane kawai.

To ga abin da zan yi in ni ne kai. Ka gaya wa dillali kana so, amma lauyanka zai yi bincike, kuma mai gida zai sa hannu a takardar izinin duba fayil. Ka nemi ranar gobarar a rubuce, da shafin jaridar da aka yi cigiya, ka gwada su da ranar rantsuwa da ranar da ma'aikata ta ba da kwafi. Ka sa mai gida ya yi sabuwar rantsuwa da ke cewa ƙarara bai ajiye satifiket a wajen kowane banki ko mutum a matsayin jingina ba. Mai gaskiya ba ya jin nauyin wannan. Wanda ya san abin da ya binne yakan fara kame-kame, domin karɓar kuɗi da yaudara, a dokar zamba ta 2006, ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ne babu zaɓin tara, kuma yanzu da hannunsa zai rubuta hujjar. In komai ya fita lafiya, kada ka biya duka a tashi ɗaya: kaso na farko a hannun lauya, ragowar sai an shigar da takardar neman amincewar gwamna da sunanka, kuma ta banki za ka tura, zuwa asusun da ke ɗauke da sunan da ke kan satifiket, ba na ɗansa ko na dillali ba.

In kuma bincike ya nuna gidan yana jingine, cinikin bai mutu ba in har kana sonsa. Sai a zauna ku uku da banki, su rubuta adadin da ya rage, ka biya su kai tsaye daga cikin kuɗin gidan, su miƙo satifiket na asali da takardar saki, ragowar ka ba mai gida. Na rufe ciniki da yawa a haka, har da wanda mai gidan ya fara da labarin gobara, daga baya ya sunkuyar da kai ya ce kunya ce ta hana shi faɗin ana bin sa bashi.

Shi kuwa wancan mai son da dillali yake ambato, ka ce masa Allah ya sa albarka, in ya riga ka ya ɗauka. Binciken nan duka mako biyu zuwa uku yake ci in an bi shi da ƙafa, kuma a yawancin cinikin da na gani an yi irin wannan matsin, bayan wata guda gidan yana nan, dillalin ne yake sake kira.